Akuyar da Inna Delu Ba Ta Saya Ba

Ku sababbin zuwa kuna yawan tambayata wace rana ce ta fi tsaya mini a rai a aikin nan. To, wadda har gobe ba ta fita kaina ita ce ranar da na bi Inna Delu kasuwar Kurfi da niyyar in raba ta da ƙawarta.

Lokacin ina shekara ta biyu a ƙungiyarmu ta nan Dutsin-Ma, ina matsayin mai kula da masu aikin sa-kai. Ga wanda bai san tsarin ba: idan mace ta fito daga gidan da ake dukanta, akwai masu kai ta asibiti, akwai masu raka ta kotu. Sashenmu ba ya yin ko ɗaya. Mu ƙawa muke nema mata, mace mai hankali da za ta riƙa zuwa wurinta sau ɗaya a mako su yi hira. Ƙawa ba ta cewa ki koma ko kada ki koma, ba ta fita da magana waje, in kuma ta ga alamar haɗari sai ta sanar da ofis nan take. Bayan wata uku ni ke zuwa in duba, in rubuta ko a ci gaba ko a canza ƙawa.

Matar da nake ba ku labarinta zan kira ta Rabi, ko da yake ba sunanta ba ne. A ruga ta tashi, can wajen Wurma. Ta yi shekara tara da mijin da ke dukanta, kafin wanta ya ɗauko ta ya kawo ta gidansa a Kurfi. Raunukan sun warke, amma ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Duk abin da aka ce mata amsarta ɗaya ce: “To.” Za ki sha ruwa? To. Ko a bari sai an jima? To.

Ita muka haɗa da Inna Delu, tsohuwar mai tuyar ƙosai, wadda in ta fara magana sai dai kiran salla ya katse ta. Ba ta rubutu, don haka duk mako takan zo ofis ta faɗa mini yadda ziyara ta kasance, ni kuma in cike fom. Na ce, “Inna, me kuka tattauna?” Ta ce, “Wake ya yi tsada.” Wani makon kuma, “Na ba ta labarin ciwon gwiwata.” Na ce ita fa, me ta ce? “Ta ce to.”

Da shugabar sashenmu ta karanta fom goma sha biyu duk irin wannan, sai ta cire tabarau ta ce, “Malama Saude, wannan ƙawa muka kai mata ko rediyo? Ki je ki gani. In babu canji a nemo wata.”

Ranar da na je ta faɗo ranar kasuwa. Na tarar da Inna Delu a gidan wan Rabi, ta riga ta ɗaura gyale, wai za ta kara, wato wajen sayar da dabbobi, ta sayo akuyar kiwo. Ta dubi Rabi ta ce, “Ɗiyata, gwiwar ga ta matsa mini, zo ki riƙe ni.” Na yi mata ido, don a tsarinmu ba a tilasta wa mace fita. Sai ga Rabi ta ɗauko hijabi.

Hanya duk tana manne da Inna, kanta a sunkuye. In namiji ya gitta sai ta tsaya cak. Ni kuwa ina baya ina tsara yadda zan gaya wa tsohuwa an sallame ta ba tare da ta yi fushi ba.

A kara Inna Delu ta hango wata jar akuya, gashi sai sheƙi. Nan take ta kamu. Dillali ya ga haka, ya shiga zuba: wai tagwaye take haifa, wai nononta sai an kawo ƙwarya biyu. Inna har ta fara kwance bakin zane.

Sai muka ji, “A'a.”

Na waiwaya ina neman mai maganar. Rabi ce. Ta saki hannun Inna, ta durƙusa, ta buɗe bakin akuyar. Ta ja fatar idonta ƙasa, ta shafa hantsar.

“Inna, kada ki saya. Haƙoranta sun cinye, ta tsufa. Dubi cikin idon, fari fat, ba jini. Hantsar ma gefe guda ta yi tauri. Mai aka shafa mata take ƙyalli.”

Dillali ya ce, “Ke Malama, mi kika sani a harkar bisashe?”

Ta miƙe, ta dube shi ido cikin ido, ta ce, “A cikinsu aka haife ni. In ƙarya na yi, tatso ɓangaren hagu mu gani.” Bai tatsa ba. Wasu dattawa biyu da ke gefe suka kwashe da dariya, ɗaya ya ce, “Yau ka gamu da gwanar abin.” Rabi ta zaga da mu, ta zaɓo wata baƙa, ƙarama, marar kyan gani. Inna ta yi ta ƙunƙuni wai wannan ko sunan kirki ba za ta ci ba, amma ita ta saya.

Mun kusa gida, Rabi ce ke riƙe da igiyar akuyar. Ta tsaya, ta ce a hankali, “Inna, na ɗaga wa namiji murya. Na yi laifi ko?”

Wannan karon Inna Delu ba ta yi dogon zance ba. Ta ce, “Gaskiya kika faɗa, kuma ga ki nan lafiya lau, ba wanda ya taɓa ki.” Rabi ta yi kuka kaɗan a jikin katanga, akuya na jan gefen hijabinta, har kukan ya koma dariya.

A motar komawa Dutsin-Ma na tambayi Inna ko da gangan ta nufi jar akuyar don ta sa Rabi magana. Ta ce, “Wace dabara? Wallahi har yanzu raina na kanta.”

Na rubuta a ci gaba, shugaba ta sa hannu. Kafin damina ta fita, matan unguwa sun fara aikowa a kira Rabi in tunkiya ta ƙi cin abinci, ita kuma tana zuwa da ƙafarta, ita kaɗai.

Abin da na koya shi nake so ku riƙe. Mu duka mun yi ta tambayar Rabi me za mu yi mata, har muka mayar da ita mai karɓa kawai. Inna Delu ce kaɗai ta zo mata da nata ciwon da nata rashin sanin, ta bar mata gurbin da za ta taimaka. In an haɗa ku da mace irin wannan, kada ku je kamar kun fi ƙarfin komai. Ku bari wata rana ita ma ta riƙe ku.