Gwiwar Baban Hawa na Uku

A farkon shekarun saba'in muka tare a ƙasar waje, a unguwar Highbridge kusa da Manhattan, ni da maigidana da ke karatu, a hawa na biyar na wani tsohon bene. Ni kuma ina koyon aikin jinya a wani asibiti. A hawa na uku akwai wani mutumin Nijar, ƙato, direba a wani ofis a Manhattan. Baba muke ce masa, ko da yake bai wuce arba'in da 'yan kai ba. In ka biyo shi a matakala sai ka yi haƙuri, don ƙafar hagu yake ɗorawa sannan ya jawo ta dama.

Wata Asabar da hantsi ya ƙwanƙwasa mana ƙofa.

"Ɗiyata, an ce aikin likita kike. Zo ki duba mini wani ɗan abu."

Ɗan abun gwiwarsa ce. Da ya kwance tsumman da ya ɗaure ta, sai da na juya na kalli bango. Ta kumbura kamar ƙwarya, tabon ɗinki ya ratsa ta ko'ina, ɗaya ya buɗe yana tsiyayar ruwa mai ɗoyi. Na ga ciwo iri-iri a wurin aiki, amma ranar na kasa cin abincin rana.

Na ce, "Baba, haɗarin mota ka yi?"

Ya yi dariya, ya ce wasa ne.

A makonnin da na yi ina wanke masa ita na ji labarin. Yana saurayi ya je Faransa aikin gini. Wani mai gidan shayi a wani ƙaramin gari na kudu ya gan shi ɗauke da buhun siminti biyu, ya kai shi wurin masu ƙungiyar ƙwallon zari-ruga ta garin, irin wadda ake yi mutum sha uku-sha uku, kuma sana'a ce sosai. Aikinsa a fili shi ne ya rungumi ƙwallo ya afka wa ƙartin da suka tare hanya. Ya fi shekara goma yana haka. Daga baya aka kira shi cikin 'yan wasan ƙasar Faransa, ya je Ingila, ya je har Ostareliya. Yana faɗar sunayen garuruwan kamar mai lissafa 'ya'yansa.

Ni abin da ke maƙale mini daban ne. Kunnuwansa sun dunƙule kamar ɗanyen nama da aka tauna. Hancinsa ya kwanta gefe. Haƙoran gaba na roba ne. Ya ce ranar da gwiwar ta fara gocewa, likitan ƙungiyarsu ta garin ya zuƙe ruwan da allura, ya danna masa wata ta kashe zafi, ya buga masa kafaɗa ya ce ya koma fili. Haka aka yi ta yi kakar wasa uku. Da allurar ta daina ci, aka kawo wani saurayi aka ba shi lambarsa.

"Kuma ka yarda?"

"Ni na roƙa, ɗiyata. Ba ki taɓa jin gari guda na kiran sunanki ba."

Bayan babbar Sallah shugaban ofishinsu ya yi walima, ya gayyaci mutanenmu. An cika falo, ga shinkafa da naman rago, ga baƙi Turawa. Baba yana bakin ƙofa yana karɓar kwat ɗin mutane. Ana tsakiyar ci, shugaban ya tafa hannu ya kira shi. Ya gaya wa baƙin cewa direbansa ya taɓa buga wa ƙasa wasa. Ya sa shi ya sunkuya, wata mata mai zobba ta matsa kunnensa da yatsu masu maiƙo ta yi ƙara. Sai shugaban ya ce, "Cire musu haƙoran." Baba ya zaro su, da yawu da ƙwayar shinkafa a jiki, ya ɗaga sama ya washe dasashi. Falon ya ɗauka da dariya. Sannan aka ce ya ɗaga wani mai tumbi. Ya ɗaga shi, a kan gwiwar da na naɗe da hannuna da safiyar ranar, ina ganin wandon yana jiƙewa.

Abin da har yau ba na son tunawa shi ne ni ma na ɗan yi dariya, lokacin haƙoran, don na ga kowa na yi. Na ajiye farantin, na shiga banɗaki na kurkure baki.

Washegari na sauka da auduga da magani, ban ko gaishe shi da kyau ba.

"Baba, girmanka ne a mayar da kai abin kallo?"

"Mi ya yi zafi? Sun ji daɗi."

"Ni ban ji ba."

Na gama naɗe gwiwar. Sannan ya miƙo mini wata wasiƙa. Tsohuwar ƙungiyarsa ce ke bikin cika shekaru, tsofaffin 'yan wasa za su yi wasan nishaɗi, suna so ya zo. Na ce likitan ƙashi na wurinmu ya yarda zai gan shi a watan nan, kuma in ya sake gudu a kan ƙafar nan zai iya rasa ta. Maigidana ya sauko ya yi masa magana, limaminmu ma ya yi. Ya saurari kowa da ladabi, ya tafi Faransa.

Ya dawo da sanduna biyu. Minti kaɗan ya yi a fili aka fitar da shi a kan makara, ana tafi. Ƙafar ba ta ƙara taka birki ba, ofis suka ɗauki wani direban. Hawa uku ya gagare shi, wani ɗan garinsu ya ba shi ɗaki a ƙasa a unguwar Soundview.

Sau ɗaya na je. Na hau bas biyu, na same shi zaune da ƙafar a kan bokiti, ɗakin yana warin magani da fitsari. Ya yi murna ƙwarai. Ya ce jikokin mai gidan shayin nan sun zo har gadon asibiti sun ɗauki hoto da shi, magajin gari ma ya aiko da furanni. Yana ta ba ni labari, ni kuwa ina neman inda zan zauna. Na wanke ciwon, na rubuta masa sunan wata ma'aikaciyar jinya da ke kusa da su, na ce ina da aikin yamma. Ba ni da aiki ranar. A hanyar dawowa na sauka daga bas a Fordham Road na yi ta yawo cikin kantuna ban sayi komai ba, har lokacin ɗora tukunya ya yi.