Ɗan Farin Zuwaira Mai Daddawa

Zuwaira mai daddawa ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta na fari ba, ko da suɓutar baki. Ta taso a wani ƙauye bayan Ɓatagarawa, inda uwa ke kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta kuma amsa cewa nata ne a gaban mutane. Idan ta kama dole sai ta ce "yaron nan".

Da mijinta ya rasu ta shigo birni aikatau gidan Hajiya Binta, matar wani attajiri a unguwar Gobarau. Hajiya ba ta haihu ba, sai ta karɓi riƙon yaron, Sada. Ya yi makarantar soja, ya yi ta hawa har ya zama Janar. Zuwaira kuwa tana Babbar Kasuwa bayan farantin daddawa. In an ce mata, "An ƙara wa ɗanki girma," sai ta ja mayafi ta ce, "Ku dai kuna da neman magana." Da ta koma gida kuma sai ta rabar da ƙosai sadaka.

Janar ya tuɓe kaki ya sa babbar riga, don a ƙasar nan soja ba ya ritaya, kujera kawai yake canzawa. Tsofaffin abokan aikinsa suka tsayar da shi takarar sanata. Nan 'yan adawa suka tono asali, suka ce ɗan ƙauye ne, uwarsa na nan tana warin kalwa a kasuwa.

Wanda ya nemo maganin wannan shi ne Janar da kansa, kuma wannan ne abin da ba zan yafe masa ba. Ya san uwarsa sarai. Ya tura ɗan jarida kasuwa da tsakar rana, lokacin da mata suka cika rumfa.

Ɗan jaridar ya ce, "Baba, ke kika haifi Janar Sada?"

Zuwaira ta sunkuyar da kai. "Ni? Mi ya haɗa ni da shi? Ɗan Hajiya Binta ne."

Matan rumfa suka yi dariya, don sun san kunya ce. Masu sauraron rediyo ba su sani ba. Aka yi ta sa muryarta safe da yamma har ranar zaɓe, kuma ya ci.

A lokacin yanar ido ta fara rufe mata gani. Abu ɗaya take so, ta ga fuskarsa kafin hasken ya ƙare. Ta dogara sanda har ƙofar gidansa. Sojan da ke gadi ya tambaye ta ko ita wace ce, bakinta ya kasa faɗa. Ta ce, "Wurin yaron nan na zo." Ya nuna mata gindin katanga, ta zauna cikin rana.

Bayan la'asar motoci suka fito. Ɗaya ta tsaya, aka sauke gilashi kaɗan. Ta miƙe tana ƙifta ido, ba ta ga komai ba sai baƙin tabarau.

Janar ya ce, "Baba mai daddawa ce? Na ji ki a rediyo. Allah shi saka maki da faɗin gaskiya." Ya ce wa direba, "A ba ta atamfa ɗaya."

Ta koma ɗakinta ta sakaya ƙofa, ta warware atamfar. Irin ta kamfe ce, hotonsa jere daga sama har ƙasa. Ta kai ta bakin taga, ta matso da ita har tana taɓa hancinta. Kore ta gani da fari, sai wani duhu a tsakiya.

Ta shafa duhun da yatsa. Ta waiga, babu kowa. Sannan a hankali ta ce, "Sada."