Ɗan Akuyar Iya a Hasken Majigi

A gidanmu na Miga, da an idar da sallar isha sai mu kewaye murhun kakarmu Iya, kowa da 'yar gyaɗarsa a hannu. Iya ba ta tatsuniya da baki kaɗai. "Ga ta nan tafe," in ji ta, "amma wanda bai buɗe ido ba, ba tasa ba ce."

Wadda na fi so ita ce ta ɗan akuya da kura. Kura ta rutsa shi a wani kango inda makiyaya suka bar wuta. Ya matsa jikin wutar, inuwarsa ta cika bango, ƙaho kamar taɓarya. Ya dubi inuwar ya ce, "Yaya, taso ga nama ya kawo kansa!" Kura ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Iya tana faɗa tana harɗe yatsu a gaban wuta, akuyar na girma a katanga, mu kuwa sai ihu.

Ran nan na ce, "Iya, me ke ƙara masa girma?" Ta kama hannuna ta kai kusa da wutar, ta janye, ta sake kaiwa. "To, sarkin tambaya, gani ya kori ji."

Yanzu ina koyar da kimiyya a wata sakandare a Dutse. Bara, jarrabawa ta ƙarato, yarana sun haddace darasin haske da inuwa tsaf, amma da na juya tambaya sai zare ido. Wallahi abin ya dame ni. Na aro majigi na nuna musu bidiyon husufin wata. Sai Hajara, wadda ta faɗi gwaji sau biyu, ta ce, "Malama, ni fa har yanzu ban gane ba."

Na tsayar da bidiyon, na harɗe yatsu a gaban hasken majigin. Ɗan akuya ya fito a bango, aji ya tuntsire da dariya. Na miƙa wa Hajara ƙwallo da lemo, na ce ƙwallon duniya ce, lemon wata. Ta jera su a hasken, lemon ya yi duhu.

"Au! Ashe inuwarmu ce ke rufe wata! Malama, a wace jami'a kika koyo wannan?"

Na yi dariya, har da 'yar ƙwalla. Shekara da shekaru na ɗauka wayon ɗan akuya Iya ke koya mana, ashe koyarwa take koya mini.

Na ce, "A gindin murhu, Hajara. Farfesar tawa ko sunanta ba ta iya rubutawa ba."