Ranar da Na Tayar da Babur ɗin Maigidana

Ko da tsufa ya sa na fara manta abubuwa, ba na jin zan manta da wata safiya ta lokacin sanyi da babur ɗin maigidana ya ƙi tashi. Muna zaune a Moduganari ne a lokacin. Rikici ya fara tsanani, amma ba a kai ga hana hawa babur a Maiduguri ba. Akwai dokar hana fita, kuma duk shingen jami'an tsaro da mutum ya iso sai ya sauka ya tura abin hawansa, don haka 'yar gajeriyar tafiya sai ta cinye rabin yini.

Surukata tana Zabarmari, tana fama da ciwon suga. Kwana biyu ke nan da maganinta ya ƙare, aka aiko mana cewa jikin ya rikice har ba ta iya tashi. Maigidana, wanda malamin firamare ne, ya samo maganin da ƙyar, ya ƙudura zai kai mata da sassafe ya dawo kafin a rufe hanya.

Babur ɗin tsoho ne, ya girmi 'yarmu ta fari, kuma duk lokacin sanyi sai an sha fama da shi. Amma na ranar ya wuce misali. Malam ya yi ta buga kik har gumi ya keto masa. Yayansa da ke maƙwabtaka da mu ya shigo, suka tura shi ƙarshen lungu suka dawo, ko tari bai yi ba. Bakaniken unguwarmu kuwa tuni ya kulle shago ya bar gari.

Ni ina gaban murhu ina dama koko, amma kunnena yana wajen injin. Abin da ba su sani ba, mahaifina bakanike ne a Mafoni, kuma bai haifi ɗa namiji ba, saboda haka a gindinsa na tashi ina wanke masa kayan inji a gwangwani. Sun san sana'arsa, amma shekarata tara a gidan ban taɓa nuna na iya riƙe sifana ba. Kunya nake ji, kada dangin miji su ce an auro musu mai baƙin hannu. Yanzu in na tuna, dariya wautar nan take ba ni.

Da na ga rana tana ɗagawa, sai na sauke tukunya na fito na ce, "Malam, ko za ka bari in duba?"

Yayan ya kalle ni ya ce, "Amarya, koma wajen kokonki. Wannan ba aikinku ba ne."

Na ce, "Yaya, ku yi haƙuri, kun cika shi da mai ne. In kuka ci gaba da bugawa, har azahar ba zai tashi ba."

Malam ya kalli ledar maganin da ke rataye a kan babur ɗin. Can sai ya miƙo mini sifana.

Na ɗaure zanina na durƙusa. Na kwance fulogi, na same shi jiƙe sharkaf kuma baƙi ƙirin. Na goge shi, na kai shi bakin garwashi ya bushe ya ɗauki ɗumi. Sannan na kwance ƙasan kafireto, wato inda mai ke haɗuwa da iska, sai ga ruwa da laka kwance a ciki, irin na man da ake saya a galan a bakin titi. Akwai wani ɗan siririn rami da mai ke bi lokacin da inji yake sanyi, ya toshe gaba ɗaya. Na zare silin waya ɗaya daga tsohuwar igiyar birki, na zura a hankali, na hura har iska ta wuce. Na san in ya ƙi tashi na shiga bakin dangi har abada.

Igiyar cok ɗinsa, wato abin da ke rage wa inji iska don ya tashi a sanyi, ta daɗe da tsinkewa, saboda haka bayan na mayar da komai, sai na rufe bakin kafireton da tafin hannuna na ce, "Malam, kada ka murɗa mai. Buga kawai."

Bugu na farko ya yi tari. Na biyu ya kama, ya cika tsakar gida da hayaƙi. Yayan ya ja da baya yana salati, sannan ya yi mini sannu da yaren garin, ya ce, "Wushe, wushe! Ashe mai gyara muke da ita a gida muna ta wahala!"

Kafin la'asar Malam ya dawo lafiya, ya ce surukata ta sha magani har ta tashi zaune. Bayan mako guda ta aiko mini da shinkafar gonarta, da saƙon cewa ba ta ɗanta ba ce, tawa ce ni kaɗai.

Ranar na gane cewa duk abin da Allah ya sanar da mutum amana ce. Ɓoye shi don tsoron bakin mutane ba kunya ba ce, tauye haƙƙin wanda zai amfana ne, kuma ni saura kaɗan in tauye na baiwar Allah da ke kwance tana jiran magani.