Azumi a Dutsen da Rana Ba Ta Faɗuwa

Ɗana na fari aikin zanen taswira ya karanta. Wata shekara, ana shirin shuka a Maska, ya zo sallama. Wai za su je auna wani dutse can ƙarshen arewacin duniya, wanda daga jirgin sama kawai aka taɓa hango shi. Ƙanƙara ta rufe shi tun daga gindi har ƙoli, babu bishiya, babu gari kusa. Har da dariyarsa ya ce a wannan lokacin rana ba ta faɗuwa a can, zagayawa kawai take yi.

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Ɗan fari ne, ko sunansa ba na kira, balle in riƙe masa riga.

Sai da aka ga watan azumi maganar ta dawo mini. Innalillahi! In rana ba ta faɗi ba, yaushe zai sha ruwa? Na san halinsa sarai. Taurin kai kamar na ubansa, tun yana ƙarami ko zazzaɓi bai sa ya karya azumi ba. Tsoro ya kama ni, na riƙa ganinsa kwance a kan ƙanƙara, leɓe a bushe, yana jiran magaribar da ba za ta zo ba.

Na aika a tambayi liman. Ya ce ai da sauƙi, ya bi lokacin Makka. To wa zai gaya masa? Wayarsa ba ta shiga. Kunya kuma ta hana ni kuka a gaban mutane. A kira sallar magariba, in riƙe kofin kunu, wallahi ya ƙi wucewa. Sai bayan isha nake iya kurɓa.

Azumi ya yi nisa, ina tankaɗe da hantsi, ƙanwarsa ta miƙo mini waya. Shi ne ya samu ya kira, muryarsa na yankewa.

Na manta da wata kunya. Na ce, "Kai! Kana shan ruwa kuwa?"

Ya ce, "Inna, ban taɓa agogona ba, lokacin gida yake nunawa. In na ga magaribar Maska ta yi, na san kin ɗaga kofi, sai ni ma in sha."

Ban gaya masa cewa sai bayan isha nake iya kurɓa ba. Ran nan ladan bai rufe baki ba na shanye kunun tas.