Sammani Magini da Masu Jan Fenti

A Ƙofar Guga, cikin birnin Katsina, da wuya a sami tsohon gidan da hannun Sammani Magini bai taɓa bangonsa ba. Gini gadonsa ne. Kakansa ne ya ɗora soron gidansu, ubansa ya ƙara zaure, shi kuma ya tashi yana taka ƙasa a bakin kududdufi, yana cura tubali yana shanyawa. Kafin ya yi aure ya iya ɗaurin guga, wato rufin soro mai lanƙwasa da ake haɗawa da azara ba ginshiƙi a tsakiya. Ko a zamanin ƙuruciyarsa, maginan da suka iya wannan aiki a birni ba su da yawa.

Siririn mutum ne mai kaifin harshe. Ba ya zagi, ba ya ɗaga murya. Aikinka kawai zai duba ya faɗi kalma uku, ka wuni kana jujjuya su. Da siminti ya shigo gari ya cinye masa sana'a, bai taɓa kiran ginin bulo da sunansa ba, tanda yake ce masa, don a ganinsa duk wanda ya kwana cikinsa da bazara gasa kansa ya yi. Sannu a hankali aikinsa ya koma gyaran yaɓe kafin damina da toshe yoyon rufi. Da haka ya aurar da 'ya'yansa huɗu, gida ya rage daga shi sai matarsa Rakiya.

Yana da shekara sittin da biyu sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki. Unguwa ta zaɓi kansila, wani Yahaya, wanda kafin nan fetur yake sayarwa a galan a bakin titi. Sammani ya san shi tun yana tsula ruwa cikin galan ɗin. Ranar da aka rantsar da shi, ya dawo unguwa cikin babbar riga mai aiki har ƙafa, mutane na ta yi masa Allah ya taya riƙo. Aka tambayi Sammani me ya gani, ya ce shi dai ya ga riga.

Ba a cika shekara ba aka ce gwamnati za ta faɗaɗa hanyar da ta ratsa unguwar. Wata safiya wasu mutane suka zo da bokiti da burushi, suka bi gidaje arba'in da 'yan kai suna shafa musu jan fenti. A gidan Sammani fentin ya ci zaure, ya ci soro, ya ci ɗaki ɗaya, ya bar masa ɗakuna biyu da rabin tsakar gida. Kansila ya tara jama'a a ƙofar masallaci ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, wannan ba zamanin soja ba ne da ake rusawa a ce ka yi shiru. Yanzu mulkin jama'a ake yi, akwai kwamitin da zai kimanta kowane gini, kuma kowa zai karɓi diyyarsa cif.

Bayan taro ne ainihin maganar ta fito, a kunne a kunne. Wai kwamiti siminti yake biya, ginin ƙasa ba shi da daraja a takardarsu. Wai bishiya ma ana biya, rijiya ma haka. Cikin mako biyu unguwa ta rikice. Bangon da ya shekara hamsin da yaɓensa aka bi shi da filasta. Malam Salihu, maƙwabcin Sammani na dama, mai sayar da goro, ya haƙa rami iya ƙugu ya ɗora masa murfin kwano ya sa masa suna rijiya, sannan ya saro rassan mangwaro guda shida ya kafa a tsakar gida, kullum yana yi musu bayi don kada ganyen ya yi yaushi kafin ranar awo. Simintin da ake ta rububi kuwa a shagon ƙanen kansila ake saye, shagon da aka buɗe a watan da aka shafa fenti.

Sammani ba waliyyi ba ne. Da aka neme shi aikin filastar ya je, gidaje uku ya yi, ya karɓi ladansa, ko da yake ya gaya wa masu gidajen cewa siminti ba ya zama a kan ƙasa, damina ɗaya zai ɓare ya zubo. Ba wanda ya damu, don ba damina suke jira ba. Amma da Rakiya ta ce su ma su sayi buhu goma a shafa wa zaure, ya ƙi. Ta ce masa kowa ya yi, kuma da hannunsa ma aka yi wa wasu. Ya ce ya sani, kuma kunyar gidaje uku ta ishe shi, ba zai ƙara da na kakansa ba. Duk mai ido idan ya shiga soron nan ya ɗaga kai, ai ya ga abin da ya gani.

Ranar awo, wani jami'i mai baƙin tabarau ya zo da mutum biyu masu jan tef. Sammani ya sa a share soro, ya tsaya yana jira ya nuna masa rufin. Jami'in ya shiga bai cire tabarau ba, bai kuma ɗaga kai ba. Ya ƙwanƙwasa bango da bayan biro, ya tambaya ko akwai siminti. Sammani ya ce babu, amma kaurin bangon kamu biyu ne, azarar da ke sama kuma giginya ce wadda ko gara ba ta iya ta. Jami'in ya rubuta wani abu ya fita. Duk abin bai kai tsawon alwala ba. A gidan Malam Salihu kuwa sun daɗe, har an ji suna ƙirga mangwaro.

Bayan wata huɗu aka liƙa jerin sunaye. Wani malamin makaranta ya karanta wa Sammani nasa layin. An rubuta gidansa a matsayin ginin ƙasa na wucin gadi, an yanka masa naira dubu arba'in da takwas. Ramin Malam Salihu da rassansa kaɗai sun kusa kai haka. Wanda ya fi kowa samu shi ne wani kango na bulo, ba rufi ba ƙofa, wanda ya tsiro a wani fili na bakin hanya mako uku kafin awo, da sunan surukin kansila. Akwai kuma sunaye bakwai da ko mai unguwa bai taɓa jin masu su ba.

Su goma sha bakwai suka ce ba su yarda ba, suka kafa ƙungiya. Malam Salihu ne ya zama shugaba, don shi ma yana kukan cewa rijiyarsa an yi mata kuɗin rami. Suka rubuta koke, suka fara sintiri ofishin kwamiti. Yau a ce shugaba ya tafi taro, gobe a ce fayil yana sama, jibi a ce mai mabuɗin ɗakin fayil ya tafi suna. Sammani ya lura kowane zuwa suna raguwa. Mutum zai ɓace kwana biyu, sai a gan shi da sabon keke, in an yi masa maganar koke ya ce ai komai na Allah ne. Malam Salihu da kansa aka kira shi gefe wata Talata, aka sa shi cikin wakilan unguwa masu taimaka wa kwamiti, da ɗan alawus. Daga ranar ya gano cewa gaggawa ba ta da kyau, kuma ya kamata a ba gwamnati lokaci. Kafin shekara ta zagayo, Sammani kaɗai ke zama a bencin ofishin.

Naci ya sa dai aka ba shi rana. Ya shiga ya tarar da mutum biyar a bayan dogon tebur, fanka na juyawa, kowa da kwalbar lemo a gabansa. Shugaban kwamiti, wani mai tumbi da ke magana a hankali kamar yana lallashin mara lafiya, ya yi masa bayani cewa ba su suka ƙirƙiro farashi ba, jadawali ne aka aiko musu daga sama. A jadawalin, ginin ƙasa shekara goma ake ba shi, bayan nan darajarsa ta ƙare.

Sammani ya ce, “Ranka shi daɗe, soron nan shekararshi saba'in da ɗoriya. Ke nan shekara sittin ke nan da mutuwarshi, mu muna kwana ciki ba mu sani ba.”

Wani daga cikinsu ya yi dariya, ya rufe baki da takarda.

“Ba sai mun yi gardama ba,” in ji Sammani. “Katafila tana hannunku. Ku kai ta ta daki bangona, ta daki kangon da kuka biya kuɗin gida guda. Wanda ya riga faɗuwa shi ne na wucin gadi. In nawa ne, na yafe maku har dubu arba'in da takwas ɗin.”

Shugaba ya ce kwamiti ba ya aiki da gasa, da takarda yake aiki, kuma an ji kokensa, za a duba. Aka miƙa masa lemo. Ya ce ya gode, ba ƙishirwa ta kawo shi ba.

A baranda magatakardan kwamitin ya biyo shi. Mutumin kirki ne a nasa ganin, kuma tsohon ya ba shi tausayi. Ya ce masa ginin dai ba abin da za a iya yi a kansa, amma akwai hanya. Zai rubuta masa bishiyar dabino biyu da rijiya ɗaya a tsakar gida, kuɗin ya ninka, shi kuma a ba shi ɗan abin shan ruwa idan cek ya fito. Sammani ya tambaye shi, wato soron da ke tsaye ba za a iya biya ba, amma dabinon da babu shi za a iya? Magatakarda ya ce haka tsarin yake. Sammani ya ce to a bar tsarin ya huta, ya sa takalminsa ya tafi. Da ya gaya wa Rakiya, ba ta ce masa ya yi daidai ba, ba ta kuma ce ya yi kuskure ba. Ta ce dai idan an rushe zaure, shi zai nemo inda baƙinsa za su riƙa zama.

Da wa'adin rusau ya zo, bai bari katafila ta taɓa masa gida ba. Ya ɗauki kwana goma sha ɗaya yana kwance soron da hannunsa, daga sama zuwa ƙasa, yana zare azara ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a tsakar gida. Mutane suka riƙa tsayawa kallo. Wasu da aka haifa a unguwar ba su taɓa sanin yadda aka saƙa rufin ba sai da suka gan shi a buɗe. Malam Salihu ya zo ya yi masa sannu da aiki, ya ce Allah ya musanya da mafi alheri. Sammani ya amsa daga kan bango bai waiwayo ba, ya tambaye shi ko mangwaro ya fara 'ya'ya.

Cek bai fito ba sai bayan shekara biyu, lokacin da kuɗin ko ɗaki ɗaya ba zai tayar ba. Ya karɓa, amma ya sa aka rubuta masa a ƙasan takardar cewa bai gamsu ba, kafin ya dangwala yatsa. An kuma ba kowa takardar fuloti a bayan gari. Ranar da ya je ganin nasa, ya tarar da wani tela da wata bazawara mai suna Sabuwa suna cacar baki a kan filin, kowanne riƙe da takarda mai lamba irin tasa sak, da hatimi iri ɗaya. Ya tsaya ya saurare su, ya duba ƙasar wurin ya ga yashi ce wadda ko tubali ba za ta yi ba. Ya naɗe takardarsa ya sa aljihu, ya ce musu su biyu ma sun isa, ya hau acaɓa ya dawo.

Ya ja katanga a bakin abin da ya rage masa, ta ƙasa, ya yi mata ƙofa ɗaya. Yanzu ɗakin Rakiya taku biyar ne daga kwalta, in babbar mota ta wuce kwanonin jerenta sai sun yi ƙara. Baƙinsa a kan tabarma suke zama a gindin katanga. Azarar ya riƙa sayarwa da ɗai-ɗai ga masu gyaran rufi, kuma ba kowa yake sayar wa ba, sai ya tambayi mutum inda zai sa ta. Kansila Yahaya ya sake cin zaɓe, ya bar unguwar ya koma sabon gida mai bene. Da ya zo yawon godiya ya tsaya a ƙofar Sammani ya ce, Baba ka ga yadda gari ya buɗe. Sammani ya ce ya gani, har cikin ɗakinsa ya buɗe.

Ya rasu da damina, shekara biyar bayan rusau, bayan jinyar kwana tara. An yi sadakar arba'in ke nan da mako guda, wani masinja ya zo a kan babur da wasiƙa. An kafa sabon kwamiti da zai sake duba koke-koken diyya, ana gayyatar Malam Sammani Magini ya bayyana ranar Litinin da ƙarfe goma, da kansa, don ba a karɓar wakili. Rakiya ta sa masinjan ya karanta mata sau biyu daga bakin ƙofa. Sannan ta kwatanta masa hanyar maƙabarta, ta ce idan ya shiga ya bi hannun hagu, sabon layi, na huɗu daga bakin katanga. Masinja ya yi mata gaisuwar rashi, sannan ya ce duk da haka sai wani ya sa hannu cewa wasiƙar ta iso. Ta dangwala masa, ta koma ciki ta ci gaba da tankaɗen garinta.