Robar Hancin Ɗana

Ɗana na fari da rami a zuciyarsa aka haife shi. Ba mu gane ba sai da muka ga in ya kama nono, kafin ya yi zuƙa kaɗan gumi ya jiƙa masa goshi, ya saki yana haki. Aka yi ta tura mu daga wannan asibiti zuwa wancan, har aka kai mu wani babba can nesa da Zamfara, aka yi masa aiki. Aikin ya yi kyau. Amma da za a sallame mu, wata likita mai kula da abincin jarirai ta zaunar da ni ta ce:

"Maman yaro, an gyara zuciya, saura jiki. Tsotso yana gajiyar da shi, abin da ya sha yana ƙarewa wurin wahalar sha. Ki riƙa tatsa, ki zuba wannan garin da za mu ba ki, ki tura masa ta robar nan kaɗan-kaɗan. Kada ki jira sai ya yi kuka."

Siririyar roba ce aka zura ta hancinsa har ciki, aka manne ta da filasta a kumatu. Ta koya mini yadda ake haɗa sirinji, da yadda zan ɗaga kansa. Duk na iya. Abin da ba ta sani ba shi ne gidan da zan koma.

A Shinkafi nake aure, a gidan surukaina, kuma sunan surukina aka sa wa yaron. Ga kunyar ɗan fari, ga ta suna. A wurinmu uwa ba ta rungumar ɗan fari a gaban manya, ba ta nuna ta damu da shi. In ya yi kuka ma sai an ce mata ta ɗauka, ta ɗauka tana kawar da kai. Ni "yaron nan" nake ce masa. To ga shi an ce in zama ni ce mai bin sa da kofi da sirinji wuni guda.

Da farko mun sauka gidanmu a Kaura, saboda can ake auna shi. Innata ta yi mini hidima sosai, sai dai ni ma 'yar farinta ce. In na zauna tatsa, sai ta ajiye mini ruwan zafi a bakin ƙofa ta juya, ba ta taɓa shigowa ba. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ta taso daga Zurmi ta zauna da ni. Ita ke riƙe shi in na ɗaga sirinji, tana cewa, "A hankali ɗiyata, kar ki tura da ƙarfi, bari shi sauka da kainai."

Da muka koma Shinkafi mata suka yi ta zuwa dubiya. Ɗakina ya cika, kowa sai ta leƙa zanen goyo ta ja da baya. Ƙafafunsa kamar tsinke, ga ɗinki a ƙirji, ga roba a hanci. In lokacin ba shi ya yi, dole in juya wa jama'a baya, in lulluɓa da mayafi in tatsa a kofi. Ƙarar zubar nonon a kofin silba ita ta fi kashe ni, don ɗakin yakan yi tsit. Wata rana na ji wata tsohuwa a bayana tana cewa, "Ikon Allah! Yau ga mutum ana tatsa tai kamar nagge." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Nonon ya ɗauke.

Daga nan magana ta bazu cewa nonona ne ba shi da kyau, shi ya hana yaro ƙiba. Uwar mijina ba muguwa ba ce, amma magana ta yi mata yawa. Ta karɓi kofin a gaban baƙi, ta sa aka kamo tururuwa aka jefa a ciki, wai in ta mutu nono ya ɓaci. Na sunkuyar da kai ina kallon tabarma. Tururuwar ta yi iyo ta fito. Ba wanda ya ba ni haƙuri, kuma nonon da na sha wuya na tatsa sai zubarwa aka yi.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, surukina ya shigo cikin gida duba jikansa, tare da ƙannensa. Aka shimfiɗa musu tabarma a inuwa, uwar mijina ta miƙa masa yaron, ni kuwa na laɓe a ƙofar ɗaki. Ina kallo filastar ta ɗage, yatsun yaron suka kama robar, ya fara ja. Ban san lokacin da na fito ba kallabi ba. Na ƙwala kiran sunansa da ƙarfi, sunan surukina ke nan, a gabansa, na fizge yaron daga hannunsa. Robar ta riga ta fito.

Na tsaya rungume da yaro, kaina a buɗe, na rasa inda zan sa fuskata. Surukina ya gyara hularsa, bai dube ni ba, ya ce da mijina, "Tashi ka nemo mota. Ku kai shi a maida mishi tun rana ba ta yi sanyi ba, hanyar nan ba ta yamma ba ce."

A mota har Kaura ina kuka cikin mayafi. Mijina ya ɗauka tsoron yaron ne, yana ta cewa ai ba komai, za a mayar. Ban iya gaya masa ba. A asibiti ma'aikaciyar ta auna shi kafin ta mayar da robar, ta ce ya ƙaru, ta ce in fara gwada shi da cokali tsakanin lokutan sirinji.

Na daɗe ban yarda na haɗu da surukina ba. In na ji gyaran muryarsa a zaure sai in shige bayan rumbu. Shi kuwa duk ranar kasuwa sai ya aiko da ƙwai da gyaɗa, a ce wai na mai tatsa ne.

Yaron ya karɓi cokali a hankali. Rabi ya shiga, rabi ya bi haɓa. Da ya isa cin abinci na fara dama masa kunun gero da gyaɗa mai kauri, da ɗan mai a ciki kamar yadda aka koya mini. Ranar da aka cire robar gaba ɗaya, fatar kumatunsa inda filasta ta zauna ta yi fari sol. Gwaggo ta zo daga Zurmi ta shafa masa man kaɗe, ta ce in daina kallon wurin haka nan, zai koma.